Jajayen Fitilu

Mahaifina, Denzil Trewin, ɗan masunci ne.
A Falmouth aka yanke masa cibi,
garin da ko burodinsa warin gishiri yake.
Yana ɗan sha huɗu ya ɗaure akwati da igiya,
uwarsa ta cusa masa safa biyu da kuɗin shayi,
ba ta yi kuka ba sai da jirgin ƙasa ya sha kwana.

Da gugar tagulla ya fara.
Ya sha amai, ya sha zagi, ya koyi karatun taurari,
zaren zinariya ya riƙa hawa hannun rigarsa
a hankali, kamar tafiyar hawainiya,
har yaƙi ya zo bai yi sallama ba.
Aka danƙa masa ɗan jirgi mai tangaɗi kamar ƙwarya a kogi,
da mutum tamanin, rabinsu gemu bai tsiro ba.

Aikinsu rakiya.
Ayarin alkama da mai daga Halifax zuwa Liverpool,
su a gefe kamar karen makiyayi,
kuraye kuwa a ƙarƙashin ruwa suke, ba sa kuka.

Wani dare da ƙanƙara ta kama igiyoyi,
jirgin dakon mai ya tashi da wuta.
Mutane suka zuba a teku,
kowa da 'yar jar fitila a kafaɗa don a gan shi.
Ya gan su.
Umarni ya ce kada a tsaya,
wanda ya tsaya ya zama nama, shi da ayarin duka.
Matuƙinsa, wani yaro Alfie Rundle, ya waiwayo ya dube shi.
Mahaifina ya ce, ci gaba.
Yana jin ana kiran uwa da harshen da bai sani ba,
yana ƙirgawa har duhu ya haɗiye ta ƙarshe.

An ba shi lambar yabo a London.
A gwangwanin shayi ya ajiye ta, tare da maɓallai da ƙusoshi.
Da ya tuɓe kaki ya sayi gida a kan tudu,
ya toshe tagar da ke duban ruwa,
ya shuka kabeji, ya yi kiwon zuma.

Ni ban san komai ba.
Na dai san duk Kirsimeti, in na kunna fitilun bishiya,
sai ya ɗau hularsa, wai zai duba amya,
ya daɗe a waje cikin sanyi.

Bayan mun binne shi na buɗe littafin aikinsa.
Iska kaza, zurfi kaza, saura mai kaza.
A ƙasan shafin, da fensir:
Jirgi talatin da ɗaya sun isa lafiya.
Sha bakwai. Ban tsaya ba.

Bana fararen fitilu na saya.