Shayin Mahaya Keke

Lahadi, bayan la'asar, a Zango.
Kekuna biyar sun jingina da katangar Mutari,
sarƙoƙinsu na ɗigar baƙin mai a kan yashi.
Buta na kan gawayi tana gunaguni,
mu kuma mun miƙe ƙafafu a tabarma
kamar karan da aka sare.

Zabairu ne ya fara, kullum shi ne.
"Na taɓa Miriya tun rana ba ta yi ƙarfi ba,
na sayo goba, na ɗaure a bayan sirdi.
A komowa wata kamiyo ta danna mini ƙaho,
sai ga ni cikin gonar wani, hatsi har wuya.
Mai gona bai yi faɗa ba.
Tambaya ɗaya ya yi: wa ke korar ka?
Na ce babu kowa, yawo nake.
Ya daɗe yana duban gumina,
sannan ya ce Allah shi ba ni lafiya."

Dariya ta kusa kifar da buta.

Laminu malamin lissafi ne,
ba ya yarda da zancen da babu lamba.
Ya ɗaga salula sama: kilomita sittin da huɗu,
hanyar Takeita, zuwa da dawowa.
Muka ce, to me ka gani?
Ya sosa ƙeya.
"Tayar gaba," in ji shi.

Habsu ta karɓi kofin farko, mai ɗaci.
Daren jiya a likita ta kwana, tana karɓar haihuwa,
duk da haka asuba ta same ta kan hanyar Dogo.
"Ƙayar aduwa ta sace mini iska.
Ba faci, ba famfo, ba kowa.
Sai ga ƴan mata uku ɗauke da ƙwaryar nono.
Ƙaramar ta tsaya, ta zagaya keken sau biyu,
ta ce, ashe mace ma tana hawa?
Na sauke mata ƙwarya, na ɗora ta kan sirdi,
ƙafarta ba ta kai feda ba.
Na tura ta har bakin gari, taya na shasshaka,
ita kuwa ta damƙe ƙaho
tana ihu a ba ta hanya,
alhali babu kowa sai akuya."

Wannan karon ba mu yi dariya sosai ba.
Mutari ya ƙara sukari.

Sai idanu suka juyo kaina.
Ni da gwiwa ta fara yi mini gardama,
ni da kekena ya girmi Laminu,
baƙi, mai nauyi, wanda babana ya raba wasiƙu da shi.
Na ce ban yi nisa ba.
Duwatsun bayan Birni kawai na je.
Hawan ma turawa na yi, yara na kallo.
A sama na huta, na ga garin ya yi kore,
ruwan jiya na walƙiya a cikin kududdufai,
balbela sun bi shanu kamar an watsa auduga.

Da zan gangaro na saki birki.
Minti ɗaya, wataƙila bai kai ba.
Riga ta cika da iska,
bashin da ake bi na ya tsaya can bisa dutse,
gwiwar ta yi shiru,
na ji ƙararrawa na kaɗa kanta,
irin kaɗin da nake ji ina yaro
in babana ya shawo kwanar gidanmu.

Laminu ya ce, kilomita nawa ke nan?
Na ce rubuta biyu.

Kofi na uku ya zo, zaƙi zalla.
Zabairu ya rantse Lahadi mai zuwa sai Gidimuni,
har dabino zai kawo wa kowa.
Babu wanda ya gaskata shi.
Amma da aka kira magariba muka tashi,
na ga kowa na latsa tayarsa da babban yatsa.