Dankalin Barira

Shekara talatin da biyu wuƙata ba ta san komai ba sai jini,
yau ga ta tana feren dankali.
Ɓawo na zuba a kwano,
ba kuka, ba shure-shure,
ba yaron da zai danne min ƙafa.

Barira ce ta dawo daga makarantar dabbobi ta Vom ranar Laraba
da jaka ɗaya da magana ɗaya:
"Baba, na bar cin nama.
Har nono, har ƙwai, har man shanu."
Na ce, 'yar mahaucin?
Ta ce, "Ita fa."
Na so in ce kuɗin karatun nan daga wuyan bijimi ya fito,
sai na haɗiye, na nemi ruwa.

Kwana uku tana cin shinkafa gaya,
tana ture miyar gidanmu gefe kamar mai ba ta haƙuri.
Da uwarta na da rai, da ta san dabara.
Ni iyakar sanina inda gaɓa ke rabuwa da gaɓa.

Da sassafe na nufi Farin Gada.
Ruwan Agusta ya kwana yana zuba, sanyi har cikin haƙori.
Chundung mai dankali ta hango ni ta tuntsire da dariya:
"Sarkin fawa, ɓatan hanya ka yi?"
Ta zaɓo min mai jan ciki,
ta ce shi ke narkewa ba gardama,
ta jefa biyu gyara.

Na yanka shi gunduwa-gunduwa, yadda na saba da ƙirjin sa,
na zuba a ruwan gishiri.
Kafin ya nuna na fasa kwakwa a bakin turmi,
na goge ta har da ɗan fatar yatsana,
na matse a farin ƙyalle.
Ikon Allah, ga madara, ba a tatsi kowa ba.

Bakin wuƙa ya shige dankali ba turjiya.
Na tsiyaye, na bar tururi ya gama tafiyarsa.
Man gyaɗa cokali biyu, tafarnuwa, ɗanyar citta,
ƙamshi ya leƙa har ɗakin maƙwabta.

Nan hannuna ya miƙa da kansa
ga kwalbar man shanun da ke kan kanta.
Na kama shi a hanya, kamar ɓarawon kasuwa,
na maido shi kan muciya.

Ba daka ake yi ba, Chundung ta gargaɗe ni,
in ka daka zai yi danƙo kamar sakwara.
Dannawa ake, a hankali,
ana tsiyaya madarar kwakwa kaɗan-kaɗan.
Ban taɓa yi wa abinci a hankali ba sai yau.
Masoro, rabin lemon tsami,
lawashi a sama don ido ma ya ci.

Ba shi ne babban baƙo a faranti ba,
ɗan rakiya ne, gefen wake da alayyafo.
Amma shi na zuba wa ido.

Ta ɗiba. Ta yi shiru.
Ruwa na dukan kwanon rufi.
"Me ka sa a ciki?"
Na lissafa mata ɗaya bayan ɗaya, kamar a gaban alƙali.
Ta ce, "Gishiri bai ji ba,"
ta miƙo faranti a ƙara.

Gobe da asuba zan koma mayanka,
ta sani, na san ta sani.
Ba wanda ya ci wani da yaƙi.
Cokali biyu dai sun haɗu a gindin tukunya
suna rigimar ƙanzo.

Da dare na wanke wuƙa na shinshina,
ƙamshin kwakwa bai fita ba.
Ban sake wankewa ba.