Ƙafa Shida

An ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Tawa ta yi tsit, sai rediyon mai shayi can bakin hanya.
Na jingine cocila jikin buta,
na buɗe kaye, na rubuta: Talata, ƙwari.
Daga nan biro ya cije.

Yara sittin da uku.
Madubin ƙara girma ɗaya tak, shi ma da tsaga,
aro daga mai gyaran agogo na bakin tasha,
ya ce ya dawo hannunsa kafin azahar.
Kwalabe bakwai, na huda murafensu da ƙusa.

Da la'asar na sayo fara ta dala ashirin,
ina murna na haɗa kayan aiki.
Sai da na kwance ƙullin a gida
na ga mai suya ta riga ni:
ba fiffike, ba ƙafa, sai yaji da gishiri.
Da me za a ƙirga shida?
Ko da ƙafafun ma, na san halin Sahabi,
kafin in juya baya ya cinye darasin.

Ni a jikin allo aka koya mini.
Mushe ya zana ƙwaro da alli, ya raba shi uku,
muka yi ta rera sunayen da Faransanci har aka tashi.
Na ci goma bisa goma.
Da yamma zanzaro ya shigo ɗakinmu ɗauke da laka,
ban gane shi ne na cikin kayena ba.
Kakata, wadda ba ta taɓa taka lakwal ba,
ita ta ce, dubi ƙugunsa,
ya ci ɗamara kamar mai shiga filin kokawa.
A nan na ga inda ƙirji ya ƙare, ciki ya soma.

Saboda haka gobe ba zane.
Kashi bakwai, kowane da kwalbarsa.
Su Barira gindin bedi,
inda tururuwa ke jan ƙwayar hatsi da ta fi ta girma.
Su Nafi'u bayan katanga, makwancin shanun Jabbo,
buzuzu na can yana tura dukiyarsa da baya da baya.
Gaisha tana tsoron duk abin da ke motsi.
Ita zan ba madubin.
Mai tsoro ya fi kowa iya kallo.

Ba a tsokanar rina.
Ba a ɗaga dutse da hannu, kunama ba ta san ɗan lakwal ba.
Ba a cire ƙafa don ƙirga ta yi sauƙi.
In an buga ƙarfen tashi, a buɗe murfi,
kowa ya mai da baƙonsa inda ya ɗauko shi.

Na san wani zai kawo gizo-gizo,
ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya samu takwas.
Madam, to shi ɗan wane gida ne?
Zan yi shiru, in bar su su yi ta musu.
Gizo dai ya saba zuwa bikin da ba a gayyace shi ba.

Na ɗago kai, wuyana ya ƙage.
Ashe tun ɗazu aji ya cika a bakin cocila:
shinge na zubar da fukafukai a kan tabarma,
gyare na gyaran murya bayan randa,
ga wani ɗan kore da ban san sunansa ba,
ko da Hausa, ko da Faransanci,
ya sauka daidai kan kalmar da na rubuta.

Na ɗauko madubin mai agogo.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.
Na juya kayen, na sake.
Biyar.
Ya bar ɗaya a wani wuri tsakanin tabki da gidana,
kuma tafiyarsa yake yi abinsa, yana ƙetare layi.

Na kifa masa kwalba a hankali, na sa masa ɗanyen ganye.
Kai za ka buɗe mana darasin gobe.