Lamba Saba'in da Ɗaya

Guguwa ta kwana a tsibirin Samar,
ta tafi da rufin majami'a, ta bar mana ƙararrawa
a cikin taɓo, baki sama, cike da ruwan gishiri.
Itatuwan kwakwa sun zube kamar an yi musu shara.
Kwalekwale goma sha tara muke da su jiya,
da safe biyu, ɗayan ma ba gindi.

Ubana, Inocencio Abuda,
ba fasto ba ne, ba ɗan majalisa ba.
Mai ɗinkin koma ne, tafinsa duk kanta,
shi ke buɗe majami'a ran Lahadi, ya goge kujeru.
Da shugaban unguwa ya hau babur
ya ce zai nemo taimako, shiru kake ji,
sai idanu suka juyo kan Baba.
Ba wanda ya jefa ƙuri'a. Kallonsa kawai aka yi.

Jirgin agaji ya iso ran kwana biyar:
shinkafa buhu arba'in, gida saba'in da ɗaya.
Ya yago takarda daga littafin lissafina,
ya lashi bakin fensir.
Perpetua, gwauruwa, jikoki huɗu.
Teodulo makaho.
Matar Crispin, ciki wata takwas.
Ina tsaye a bayansa ina jiran sunanmu.
Ya juya takarda. Ina jira.
Ya rubuta Ruperto,
Ruperton da ya yanke mana koma bara
ya kuma rantse a gaban jama'a bai yi ba.
Namu ya zo can ƙasa, inda takardar ta jiƙe.

Na ce, Baba, mai riƙe da ludayi
ai ba ya kwana da yunwa.
Ya ce, Nilo, ludayin ba nawa ba ne.

Kafin a fara rabo sai ga babur.
Shugaba ya dawo, rigarsa fes,
da ƙatti biyu, bindiga a kafaɗa.
Buhu goma na ofis ne, in ji shi.
Baba ya zauna a kan buhunan.
Kada wani ya ce muku bai ji tsoro ba.
Ni na ga gwiwarsa, rawa take kamar kifi a kan yashi.
Ya miƙa takardar, ya ce, ranka ya daɗe,
zan karanta, ka nuna mini wanda zan soke.
Ya kira Perpetua. Ta ce, ga ni.
Ya kira Teodulo. Ga ni.
Muryarsa na karyewa, yana ɗaurawa kamar igiyar koma.
Ga ni. Ga ni. Ga ni.
Ba a kai suna na talatin ba
ɗaya daga ƙattin ya sauke bindiga:
an kira sunan uwarsa.

Gwangwani uku muka samu, da tsakuwar gindin buhu.
Inna ta dafa, ba ta ce uffan ba.

Da dare na fita neman Baba da fitila.
Na same shi a durƙushe a inda bagade yake a da,
kwano a gabansa, tsumma a kafaɗa,
yana wanke ƙafar Ruperto da kwanon rufi ya tsaga.
Ruperto ya kau da kai yana kallon teku.
Tun ina yaro nake jin labarin Almasihu da ƙafafun almajiransa,
ban san ruwan yakan yi ja ba,
ban san yana wari ba.

Baba ya rasu ba a taɓa kiransa shugaba ba.
Yau ni ke riƙe da littafin ƙungiyar masunta,
ni ke raba mai, ni ke raba bashi.
Ba zan ɓoye ba, duk sanda na buɗe sabon shafi
hannuna layin farko yake nufa,
kamar akuya da ta san hanyar rumbu.
Sai in tsaya.
In ce, ya Yesu, ka riƙe mini wuyan hannu.
Takardar nan tana aljihuna, ta yi laushi kamar ganye,
fensirin ya kusa gogewa.
Amma can ƙasa, inda ruwa ya taɓa,
har yanzu ana iya karanta mu.