Ciki da Falo a Lisbon

Ni ce Iolanda, mai kwaɓa burodi in gari ya yi barci.
Shekara tara ina hawa na uku a unguwar Graça,
ran nan takarda ta kutso ta ƙarƙashin ƙofa:
an sayar da gida, kwana sittin ki tattara komatsanki.

Yanzu kowace ƙofa a layinmu
ta rataya ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi,
makulli na kwance a ciki yana jiran baƙon kwana biyu.
In na taso aiki da asuba,
tayoyin jakunkunansu ke yi mini sannu da zuwa
a kan duwatsun titin da na koyi tafiya.

Ba abin duniya na nema ba.
Ciki da falo,
tagar da rana za ta leƙo ta gaishe ni,
famfon da ba ya tari kafin ya ba da ruwa.

Na farko a Arroios yake.
Mu goma sha bakwai a matakala,
kowa da takardu a hammata kamar masu jiran likita,
ba mai son haɗa ido da wani.
Dillalin yaro ne, turarensa ya fi shi nauyi.
Ya ce dubu da ɗari biyu, wata uku a gaba, da mai tsaya miki.
Albashina ya ji, ya sunkuyar da kai.

Na biyu hoto ne ya yi masa kwalliya.
Da na je, ashe ƙarƙashin ƙasa ne,
tagar daidai da takalman masu wucewa,
bango ya yi gumi har ya tsiro baƙin gemu.
Matar ta ce fenti zai rufe.
Na ce fenti bai san ƙirjina ba.

Na uku ko ganinsa ban yi ba.
Wai mai shi yana ƙetare, in tura kuɗi ya aiko makulli.
Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ƙanwata ta ce haye kogi mana, can da rangwame.
Amma jirgin ruwa bai san
ƙarfe biyun dare kwaɓi ke tashi ba.

Saura kwana goma sha ɗaya,
tsoho Abílio mai gyaran takalma,
wanda ke sayen burodi biyu kullum ƙarfe shida,
ya dubi jan idona, ya ƙi karɓar canjinsa.
Ya ce je Penha de França, nemi Graciete, matar wana marigayi.
Ba ta yarda da waya ba,
tallarta 'yar takarda ce a tagar mai kayan miya.

Matakala tamanin da huɗu, na ƙirga,
gwiwata ma ta ƙirga.
Ba ta dubi takarduna ba, hannuna ta duba,
fulawar da ta maƙale a gindin farce.
Kina hayaniya da dare? in ji ta.
Na ce da dare ba na nan.
Ta yi dariya har haƙorin robanta ya motsa.

Ɗari shida da hamsin.
Ki riƙa hawo mini da tulun gas duk wata,
ranar Lahadi kuma burodi, wanda bayansa ya ɗan ƙone.

Gadona zai taɓa bango biyu.
Kafin in buɗe firji sai na rufe ƙofa.
Amma in na miƙa wuya ta taga,
tsakanin rufin gidaje biyu
ga kogin Tejo, siriri kamar wuƙar yanka burodi,
yana ƙyalli.

Yau da tsakar rana na kwanta a katifa a ƙasa,
makulli a tafin hannuna, rediyon Graciete na gunaguni ƙarƙashina.
Barci ya zo bakin ƙofa ya tsaya.
Ina tuna sha shidan nan na matakalar Arroios,
musamman mai jaririya a kafaɗa.
Ban ko tambayi sunanta ba.