Layi Uku

Lamba hamsin da bakwai aka kira.
Na miƙe da Tobias saɓe a kafaɗa, yana barci,
takalmina na ɗigar da ƙanƙarar Toledo
a kan dardumar ofishin gwamnati.

Madam Wozniak ta turo takarda,
ta turo biro mai sarƙa a wuya,
kamar ana tsoron ya bi mu gida.
"Renita, wannan shi ne tsarin dogaro da kai.
Ki cika, ki sa hannu, tallafi ya ci gaba."
Na ce to.
Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Tambayar farko: mene ne burinki?
An bar mini layi uku.
Na so in rubuta: dare ɗaya tak
da ba zan yi lissafin kuɗin haya a jikin silin ba.
Na so in rubuta: haƙorin Junie ya bar ta ta yi barci.
Sai na rubuta: samun aiki.
Layi biyu suka rage, fari fat,
suna kallona.

Ta biyu: me ke tare miki hanya?
Nan akwatuna ne, alama kawai ake so.
Rashin mota. Na sa.
Rashin mai reno. Na sa.
Babu akwatin da ya san
bas ɗin ƙarshe na barin unguwarmu ƙarfe tara,
gidan tsofaffin da ke son ɗaukata kuwa
sai sha ɗaya ake canjin hannu.
Babu akwatin Curtis,
da ya ce kwana biyu zai yi a Dayton,
ga shi dusar ƙanƙara ta sauka ta narke har sau biyu.
Babu akwatin shekara tara
da na yi tsaye gaban injin gilashi
ban taɓa makara ba,
har ranar da muka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Awa talatin a mako, in ji ta.
Neman aiki, ajin koyon yadda ake neman aiki,
jera gwangwanaye a rumbun abincin coci.
Kowace awa da shaidarta.
In shaida ta ɓace, wata guda ya tafi.
Ban yi musu ba.
Ni ma ba na son layin nan,
ba wanda ya ƙi shi kamar mai tsayawa a cikinsa.
Sai dai an ce in tsaya da ƙafata,
ba a tambayi ko akwai ƙasa ba.

Na kama biro zan sa hannu,
sai ta ɗora yatsa kan layukan da na bari.
Farcenta a gutsure, irin nawa.
Ta rage murya:
"Cika su. Ba mai karantawa sai ni.
Na taɓa zama a kujerar nan da tagwaye,
lokacin ma ba darduma."

Na rubuta, hannuna yana rawa:
Ina so in koyi ɗibar jini a asibiti,
hannuna ba ya rawa.
Ta karanta, dariya ta kufce mata,
ni ma ta kufce mini, har Tobias ya motsa.
Ta yago 'yar takarda ruwan ɗorawa,
ta rubuta sunan kwaleji da lambar wata Ofelia
mai motar da ke kwasar matan aikin dare.
"Ban yi miki alkawari ba," ta ce.
"Ki dawo ranar sha biyu ga wata. Da shaida."

A bas babu wurin zama.
Kwafin takardar na cikin rigar sanyi, kusa da ƙirji,
ya fara ɗumi.
Tobias bai san dogaro da kai ba,
ya saki nauyinsa duka a wuyana.
Ni na riƙe ƙarfe,
wani tsoho ya riƙe mini jakar madara,
direba ya taka a hankali
saboda santsin gada.