Makaɗa Goma Sha Biyu a Aljihu

A Wonogiri, dare ya raba.
Tukijan ya kafe 'yan tsanarsa na fatar ɓauna
a kututturen ayaba.
Fitila na ci, farin ƙyalle na jira.

Dā makaɗa goma sha biyu ne a bayansa:
ya yi gyaran murya, su gane,
ya ja numfashi, tagulla ta lafa.
Yau jikarsa Lintang ce da waya,
kiɗan da wani ya tura wa wani, ya turo mata.

An zare wa sarkin inuwa takobi.
Tsoho ya so ya ja mutuwar,
don matar da ke share hawaye a gaba.
Waya ba ta san jira ba.
Ganga ta buga, sarki ya faɗi.

Can gidan Sarmin makaɗi,
kaza na kwanci cikin kuge.